Jini Ba Nono Ba Ne

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san tela ya san "gobe". Ban taɓa musun wannan ba. Babu mai yadi a unguwar Moshi Zongo ta wancan zamani da bai ji ta daga bakina ba, wani har ya gaji ya bar mini yadin. Amma abin da zan faɗa yanzu ba hirar shago ba ce. Jikokina ne suka dame ni, wai sun ji an ce ni ne mutum na farko a layinmu da ya taɓa ba da jini a asibiti, suna so in ba su labarin jarumta. Jarumtar me? To ga shi nan, su karanta su shafa mini lafiya.

Shekara biyu ko uku ke nan da Turawa suka miƙa mulki. Lokacin zafi ne, ana shirin bikin ranar 'yanci, kowace makaranta a Tamale tana son kayan fareti da 'yan ƙananan tutoci. Shagonmu ya cika da ƙyallaye, ja da ruwan ɗorawa da kore, ni kuwa na yanka baƙaƙen taurari har na fara ganinsu a cikin tuwo. Shagon na Baffa ne, ƙanin mahaifina. Shi ya ɗauke ni da ubana ya rasu, shi ya ɗora ƙafata a kan keken ɗinki, shi ya je har Salaga ya nemo mini aure. Mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai, irin wanda zai kwance ɗinkin yini guda don ya ga ragowar zaren wani ya shiga rigar wani. Tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba.

Matata koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, bakinta kuwa ya fi almakashina kaifi. Ta yi ɓari sau biyu kafin wannan cikin ya zauna. Da ya tsufa, sai ta sayo atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ta ce rigar ranar suna take so. Na auna ta, na yanka, na naɗe na tura ƙarƙashin tebur, tutoci suka binne ta. Kullum da safe in ta miƙo mini koko sai ta ce, "Tela, rigata fa?" In ce gobe. Ta ce, "Allah Ya kai mu goben nan taka, mu ma mu ga kamanninta."

Ta haihu bayan sallar Asuba, a gida, a hannun ungozomar layinmu. Namiji. Na ji kukansa daga zaure, na yi hamdala, na tafi buɗe shago, don a lokacinmu miji ba ya tsayawa yana leƙen ɗan fari. Ban gama share ƙofa ba sai ga Inna, mahaifiyata, ta zo da kanta, ko mayafin ba ta yafa daidai ba. Ta ce jini ya ƙi tsayawa. An jiƙa abin da za a jiƙa, an yi hayaƙi, zannuwan gidan sun ƙare.

Wani maƙwabcinmu direban lori ne, Allah Ya sa bai fita ba. Muka shimfiɗa ta a baya a kan tabarma, ni na riƙe kanta har asibiti. Abin da na fi tunawa shi ne nauyin kan nan a cinyata, da yadda nake ta kallon wani koren zare da ya maƙale a hannun rigata. Ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba, wallahi. Kamar an aike ni ne in raka matar wani.

Aka shige da ita, aka bar ni a baranda. Can sai ga wata nas gajera, mutuniyar Kumasi, Hausarta irin ta kasuwa. Ta ce, "Maigida, mata naka jini ya ƙare. Dokta ya tsaida shi, amma sai an sa sabo. Kai za ka ba?"

Na ce a ina ake samo shi? Ta nuna hannuna.

Ban taɓa jin ana ɗiban jinin mutum a zuba wa wani ba sai a bakin tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi, su kuwa ba kowace maganarsu ake kamawa ba. Amma na ce to. Ta kai ni wani ɗan ɗaki, aka soke mini yatsa, aka ɗiga a kan gilashi. Jim kaɗan ta dawo ta ce ya yi, nawa irin wanda yake shiga kowa ne. Ta ce in jira a waje, za a tafasa allura, akawu zai kira ni ya rubuta sunana.

A nan Baffa ya same ni. Ya jingine kekensa, ya ga auduga a yatsana, ya tambaya, na faɗa masa. Ya ja gemu. Sannan ya kama hannun rigata ya ja ni gindin wani dogon-yaro, inda babu mai jin mu.

"Kai, ka san abin da za ka yi kuwa?" in ji shi. "Yaro da yarinya in sun sha nonon mace ɗaya, akwai aure tsakaninsu?"

Na ce babu.

"To nono daga ina yake fitowa? Ba daga jini ba? In farin ya haramta aure, ina ga jan kansa? Jininka ya shiga jikinta, ya gauraya da nata, ta tashi ƙanwarka. Sai ka koma ɗaki da ita a matsayin wa?"

Yaran yanzu in sun ji wannan dariya suke yi. Su yi ta yi. Ni a ranar ban ga abin dariya ba. Baffa ba mugu ba ne, yana son matar nan, shi ne kullum yake cewa kokonta ya fi na kowa a Zongo. Tsoro yake yi kada mu zauna cikin haram har mu tsufa ba mu sani ba. Na ce to ƙanena ya bayar. Ya ce, "In ta zama ƙanwar ƙanenka, kai kuma mece ce taka?" Da magana ɗaya ya rufe gidanmu gaba ɗaya. Danginta kuwa suna Salaga. An ba wani direba saƙo, amma ko sun taso a take, sai dare.

Mutanen layi sun biyo mu, sun cika baranda suna ta "Allah Ya sawwaƙe". Da nas ta fito ta ce ko akwai wani mai bayarwa, sai kowa ya tuna ya bar aiki a gida. Ana cewa in an ɗebi jinin namiji ba ya dawowa, ƙarfinsa ya tafi ke nan, har na ɗaki. Wani mahauci ƙato, wanda yake yini cikin jinin shanu, ya buga ƙirji ya ce shi zai bayar, bari dai ya zagaya ya yi fitsari. Har yau fitsarin bai ƙare ba. Direban lorin nan kaɗai, Allah Ya jiƙansa, ya miƙa yatsa, aka ce nasa bai dace da nata ba.

Baffa ya ce shi ba hana ni ya yi ba. A dai tambayi malam, ai ba abin da zai ɗauki lokaci ba ne. Na ce bari in gan ta tukuna.

Tana kwance a gadon ƙarfe, an ɗaga wajen ƙafafu da katako, leɓenta kamar an shafa toka. Ta buɗe ido.

"Yaron ya sha?"

Na ce yana wajen Inna, ana ɗiga masa ruwa.

"Sun ce kai za ka ba ni jini."

Na ce e.

"Tela," ta ce, sai da na sunkuya sannan na ji, "wannan kada ka yi mini irin na riga."

Na ce haba, yanzu-yanzun nan. Ta rufe ido. Gefen bakinta ya ɗan motsa, ina jin dariya take so ta yi mini.

Na fito, nas tana kira na, na ce ina zuwa. Baffa ya miƙo mini kekensa, ya ce ƙafata ta fi tasa sauri.

Malam ba ya gida, ya tafi ɗaurin aure can bayan kasuwa. Na bi shi. A hanya na tarar 'yan makaranta sun tare titi suna gwajin fareti, ganga tana tashi, ticansu yana ihu yana daga sanda. Na sauka daga keke na tsaya. Rigunan da ke jikinsu wasu ni na ɗinka. Na ga wata mai karkataccen aljihu, na ce a raina wannan ba hannuna ba ne, na Baffa ne, idonsa ya fara rauni. Abin da na tsaya ina tunani ke nan, matata tana can kwance. Sai da suka wuce duka na hau.

Kafin in sami malam, a gama fatiha, mu dawo gidansa, an kira Azahar. Muka yi salla. Ya sa aka sauko masa da littattafai, ya buɗe wannan, ya buɗe wancan, yana bin layi da yatsa. Mutumin kirki ne, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Ɗana, ceton rai ba na jin akwai laifi a cikinsa. Auren ne ban sani ba. Waɗanda suka rubuta littattafan nan ba su ga wannan allurar ba, ni kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba." Ya ce akwai wani tsohon malami a ƙarshen gari da ya daɗe a Makka, zai je wajensa da kansa. In koma wajenta, zai same ni can.

Da na koma, nas ta tare ni tun daga matakala, ranta a ɓace. "Ina ka tafi? Allura ya huce, mun sake tafasa shi! Mata naka ba ya magana yanzu." Baffa ya matso ya ce a ƙara haƙuri kaɗan, malam yana tafe. Ta dube shi, ta dube ni, ta yi tsaki ta shige.

Na zauna a benci. Abin ya rage tsakanina da kaina: in bayar yanzu, wataƙila ta rayu ta zama ba tawa ba, ko in jira malam. Ina son matar nan. Ban taɓa faɗa mata ba, ba a faɗa a lokacinmu, amma ina son ta. Na hango ta ta warke, ta gama shayarwa, wani ya zo neman aurenta, ni kuma a zaunar da ni cikin 'yan'uwanta in karɓi goro. Ɗaya hanyar kuwa kaina ya ƙi zuwa can sam. Sai na zauna kawai. Wasu tururuwa suna jan ɓarɓashin burodi a ƙarƙashin bencin, na bi su da ido har suka shige rami.

Kukan jariri ne ya sa na ɗaga kai. Inna ce, a ƙafa ta zo cikin ranar nan, ta rungume yaron cikin zane. Ba a fita da jariri kafin suna, kowa ya sani, amma muryarsa ta dishe, ta ce ko uwar za ta iya ɗan ba shi. Ta gan ni zaune, ta ga hannuna babu alamar komai, ta tambayi wata maƙwabciya, aka faɗa mata.

Inna tun da ubana ya rasu ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Baffa ba. Ranar ta ɗaga.

"Baffan yara, abin da kuke jira ke nan tun safe?"

Ya fara yi mata bayanin nono da jini. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"To ta zama ƙanwarsa mana! Ƙanwa ba mutum ba ce? Ni 'ya'ya mata biyu na haifa na binne, a ba ni wannan in ƙara!" Ta juyo kaina. "Kai kuma tashi, ka zauna min nan kamar buhun gawayi."

Na tashi.

Akawun dattijo ne mai tabarau, yana zaune bayan wani ƙaramin tebur. A bango an manna sabuwar tuta ta takarda, kusa da ita akwai wani fili mai kusurwa huɗu da ya fi sauran bangon haske, inda hoton Sarauniya ya daɗe a rataye. Ya tambayi sunana da unguwata, na faɗa. Ya tambayi shekaruna, na ce ban sani ba, ya dube ni ta saman tabarau ya rubuta abin da ya ga dama. Na taɓa yin ciwon shawara? A'a. Tari mai jini? A'a. Na ci abinci yau? Sai a lokacin na tuna ban sha koko ba, don mai damawar ce take naƙuda.

Sannan ya ce, "Mece ce ita a wurinka?"

Na tsaya ina tunanin mata zan ce ko ƙanwa. Ya zaci ban ji Hausarsa ba, ya maimaita da Dagbanci, yaren 'yan garin. Na ce, "Matata ce. Rubuta da sauri."

Ya kama babban yatsana ya danna a tawada, ya dangwala a takarda. Aka ɗora ni a sikeli kamar buhun masara, aka kwantar da ni.

Na yi shekaru ina soka allura a yadi, ban taɓa tunanin abin da yadin yake ji ba. Tasu ba allura ba ce, basilla ce, irin ta ɗinke buhu. Nas ta ɗaure mini damtse da roba, ta ba ni wani naɗin bandeji ta ce in yi ta matsawa. Jinin ya bi ta wata siririyar roba ya sauka cikin kwalba a ƙasan gado. Ya fi yadda na zata duhu. Ina kallon sa yana hawa, na ce a raina, to, aure ne yake zuba. Ban ji zafi ba. Na shiga shirin yadda za a zauna: ni in koma kwana a shago a kan teburin yanka, ita ta riƙe ɗakin da yaron, kusa da Inna. Har na tsara yadda zan riƙa gaishe ta da safe daga bakin ƙofa, in miƙa kwanon kokona kamar kowane mai saye.

Kwalba ta cika. Nas ta zare allura, ta naɗe kwalbar da tawul, ta rungume ta fita da sauri. Wata ta kawo mini shayi a kofin ƙarfe, sukarin ya yi yawa, ta ce in shanye duka kafin in tashi. Ana kiran La'asar daga wani masallaci can nesa.

Ban kai rabin kofin ba nas ta dawo. Kwalbar tana hannunta, tawul ɗin ma ba a kwance ba. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Maigida," sai Hausar ta ƙwace mata, ta yi wata magana da yarensu, sannan ta ce, "Ka yi haƙuri."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, yadda ake faɗa. Sannan na shanye shayin. Ban san dalili ba, an dai ce in shanye.

Na tambaye ta, da da safe na bayar fa? Ta ce Allah ne Ya sani. Ba ta dube ni ba da ta faɗa.

Ba ta tafi ba. Ta ce jinin nan ba zai jira ba, lalacewa zai yi. Akwai wata mace a ƙarshen ɗakin, Badagwamba daga Nyohini, wata unguwa a gefen gari, ɗanta ya zo babu rai, ita ma jini ya ƙare mata, na mijinta kuma bai dace ba. "In ba shi?"

Na ce ku ba ta. Kamar an roƙe ni ragowar ƙyalle.

Muka kai gawa gida, aka ce sai da safe, danginta su iso. Baffa ya ce shi zai ɗinka likkafani, na ce a'a, ni zan yi. Ita ce a'a ta farko da na taɓa ce masa. Muka buɗe shago, na share tutoci daga kan tebur da hannu ɗaya suka zube ƙasa, na shimfiɗa farin yadi. Ban nemi awo ba, na san tsawonta. Baffa ya riƙe mini ɗaya bakin.

Muna cikin haka, bayan Magariba kaɗan, sai ga malam yana sauri, rawaninsa ya karkace. Asibiti ya nufa, ya ga shago a buɗe ya ratso. Tun daga ƙofa yake magana, fuskarsa cike da murna. "Ɗana, albishirinka! Jini ba nono ba ne. Nonon ma sai yaro bai wuce shekara biyu ba yake haramtawa. Je ka bayar, aurenku yana nan daram!"

Sannan ya ga abin da ke kan tebur.

Baffa ya saki yadin, ya zame ya zauna a ƙasa cikin tutoci, ya fashe da kuka irin na yara, da majina da komai. Ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar. Ni kuwa na ce, "Na gode, Malam." Na ce da Baffa ya tashi ya riƙe, yadin yana zamewa.

Aka binne ta da safe. Danginta suka zauna kwana uku, suka kwashe kayanta suka koma Salaga. Aka yi suna babu kiɗa. Aka yi fareti, na ji gangunansu daga shago. Ni dai ina taka keke. In an gaishe ni in amsa, in an ba ni abinci in ci. Mutane suna cewa tela ya yi tawakkali. Ba tawakkali ba ne, babu kowa ne a ciki.

Yaron kuwa yana ta ƙanƙancewa. Wata maƙwabciya mai goyo ta ɗan taimaka, amma nata ɗan ma ba ya ƙoshi. Nonon akuya yana amayar da shi, madarar gwangwani tana tsinka masa ciki. Fatar cinyarsa ta fara naɗewa. Wata safiya Inna ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, yaron nan uwarsa yake so ya bi. Na ce Allah Ya kyauta, na tafi shago.

Ranar da hantsi, ina gida na dawo ɗaukar almakashi, Baffa yana zaune a zaure, don tun ranar nan bai ƙara taka keken ɗinki ba, sai aka yi sallama. Wani Badagwambe ne cikin rigar saƙi, riƙe da zabo, bayansa wata mace siririya tana tafiya a hankali tana dafa bango. Ya durƙusa ya yi gaisuwa irin tasu mai tsawo. Hausarsa kaɗan ce. Da ƙyar na gane cewa daga Nyohini suke, nas ce ta ce musu wani tela ne a Moshi Zongo, suka yi ta tambaya har suka zo.

Matar ce ta ƙarasa maganar. Ta ce, "Tsofaffi namu sun ce jini naka yana ciki na. Kai Yaya na ne yanzu."

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Na buɗe baki zan faɗa mata abin da malam ya ce, sai yaron ya yi kuka daga cikin gida, ɗan siririn kukan nan da ya rage masa. Matar ta tsaya cak. Gaban rigarta ya jiƙe wuri biyu, muna gani, har ya fara ɗiga. Ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta ɗaga labule ta shige.

Kukan ya tsaya. Gidan ya yi tsit, har muna jin haɗiyarsa daga zaure. Ni da mijin muka dubi Baffa. Ya dubi ƙasa, ya ce, "Wannan kam ba sai an tambayi malam ba."

Can Inna ta leƙo ta ce yarinyar nan rigarta ta jiƙe sharkaf, ba ta zo da canji ba, gidan kuma babu rigar mace sai tata ta tsofaffi. Ta dube ni. Na san abin da take nufi.

Na koma shago na tona ƙarƙashin tebur. Atamfar tana nan yadda na naɗe ta, da zanen allina a jiki. Na sa shuɗin zare na hau keke. Aikin bai kai tsakanin Azahar da La'asar ba. Wata biyu ina cewa gobe a kan abin da bai kai tsakanin Azahar da La'asar ba. Ina haɗa kafaɗa ta biyu abin ya zo mini. Na daina ganin allura, ƙafata ta ƙi taka keke, na kifa kaina a kan atamfar na yi ta kiran matata da sunan da ban taɓa kiran ta da shi a gaban mutane ba. Na yi kewarta har na ji kamar haƙarƙarina zai tsage. Da ya lafa, na share fuska da wata tuta, na ƙarasa ɗinkin.

Matar nan ta zauna da mu har ta yi ƙarfi, sannan ta tafi da yaron Nyohini, ni kuma kowace Juma'a in hau keke in je. Ta shayar da shi har yaye. Shi ne uban waɗannan masu son labarin jarumta. 'Ya'yan da ta haifa daga baya ƙannensa ne na gaskiya, na nono, babu malamin da zai ce a'a. Ni kuwa Yaya ta kira ni har ta koma ga Allah, kuma ban taɓa faɗa mata abin da malam ya ce ba.

Rigar ta sa ta har shuɗin ya koɗe. Ta yi mata yawa a kafaɗa, don ba awonta ba ne, kullum tana zamewa tana gyarawa. In na je sai ta ce, "Yaya, kai tela ne fa, ka rage mini wannan kafaɗa mana."

Sai in ce gobe.